Daga Katsina Zuwa Kurmin Kuros Riba: Jagora Ga Mai Niyyar Ziyara

Kalmar kurmi ba baƙuwa ba ce a kunnen mutumin Katsina ko Daura. Kakanninmu fatake sun sha zuwa kurmi sarin goro, kuma har gobe tireloli na tashi da shanu daga kasuwannin Mai'aduwa da Caranci su nufi kudu, su dawo da katako da manja. Sai dai yawancin masu wannan zirga-zirga daga bakin kwalta suke hango kurmin, abin da suke gani kuwa gonakin koko ne da na kwakwar manja da suka maye gurbinsa. Kurmin asali, wanda gatari bai gama da shi ba, kaɗan ya rage a Nijeriya, kuma mafi girman abin da ya rage yana jihar Kuros Riba, a kan iyakarmu da Kamaru.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, sanin daji irin namu ba ya wadatar da mutum a can. A dajinmu ido yana kaiwa nesa, rana tana busar da duk abin da ya jiƙe, babban abin tsoro shi ne ƙishirwa. A kurmi ba ka ganin abin da ya wuce taku ashirin a gabanka, rigar da ta jiƙe yau da danshinta za ka same ta jibi, ruwa kuma shi ne zai iya tsare ka kwana biyu a hayin rafi. Saboda haka wanda zai je ya shirya zama baƙo mai bin umarni, ko da kuwa a gida shi ne gwanin daji.

Sanin wurin da wanda ke da iko da shi

Mataki na farko shi ne ka tantance ainihin inda za ka, domin wuraren da aka killace a wannan yanki ba hukuma ɗaya ke riƙe da su ba. Akwai Gandun Daji na Ƙasa na Kuros Riba, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000. Kashi biyu ne da ba su haɗe da juna ba. Sashen Oban, wanda ya fi girma, yana kudu kusa da Kalaba, yana kuma manne da gandun Korup na Kamaru. Sashen Okwangwo yana arewa, tsakanin Ikom da Obudu, yana manne da gandun Takamanda. Babban ofishin gandun yana Akamkpa, ofishin sashen Okwangwo kuma yana Butatong. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ce ke da iko da sassan biyu.

Ban da wannan akwai Dutsen Afi a ƙaramar hukumar Boki, wanda gwamnatin jihar ta killace a shekarar 2000, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, a ƙarƙashin hukumar gandun daji ta jiha. Sai Duwatsun Mbe, waɗanda ba na tarayya ba ne ba kuma na jiha ba: ƙauyuka 9 da ke kewaye da su ne suka haɗu suke tsaronsu, da tallafin ƙungiyar kare namun daji ta WCS. Amfanin sanin wannan shi ne, takardar izinin da aka ba ka a Akamkpa ba za ta shigar da kai Afi ba, wadda ka samu ta Afi kuma ba ta aiki a Mbe.

Shawarata ga wanda bai taɓa zuwa ba ita ce ya fara da yankin Afi. A gindin dutsen, kusa da ƙauyen Buanchor, akwai sansanin Drill Ranch na ƙungiyar Pandrillus, wadda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa, inda ake renon birai da aka ceto daga hannun mafarauta da masu fataucinsu. Akwai wurin kwana, akwai mutanen da suka saba da baƙi, kurmin kuma yana nan a bakin ƙofa. Oban ya fi zurfi, ya fi ruwa, ya fi dacewa da wanda ya riga ya gwada ƙafarsa sau ɗaya.

Zaɓen lokaci

Ruwan da ke sauka a birnin Katsina a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, cikin wata huɗu. A wasu sassan Oban ruwan shekara yana haura milimita 3,000, daminar kuma tana farawa tun Maris ko Afrilu ta kai har Oktoba ko Nuwamba. A tsakiyarta hanyoyin ƙauye suna zama taɓo, rafuka suna cika cikin awa guda, duwatsu kuma suna iya zaftarewa, kamar yadda ya faru a Afi a 2012, lokacin da zaftarewar ƙasa ta lalata gadoji da hanyoyi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, wato daidai da hunturunmu. Ko a wannan lokaci kada a ɗauka ba za a ga ruwa ba. Idan azumi ya faɗo cikin waɗannan watanni, gara a jinkirta tafiyar zuwa bayan salla, domin hawan dutse cikin irin wannan gumi ba aikin mai azumi ba ne.

Izini a rubuce

Wata guda ko fiye kafin tafiya, ka tuntuɓi hukumar da ke riƙe da wurin da ka zaɓa. Ka bayyana yawanku, da sunayenku, da ranar isowa, da kwanakin da za ku yi, da dalilin zuwa. Ka tambayi kuɗin shiga, da na ɗan jagora, da na 'yan dako, da na ɗaukar hoto, da abin da ake ba ƙauyen da za a shiga ta cikinsa. Ka tambayi halin da hanya da wurin kwana suke ciki a wannan makon, ba a bara ba. Sannan ka nemi a ba ka amsa a rubuce, da suna da lambar wayar jami'in da zai tarbe ku, ka buga ta a takarda, kowane ɗayanku ya riƙe kofi tare da katinsa na ɗan ƙasa.

Na nace a kan wannan takarda ne saboda dalilin da duk ɗan Arewa ya sani. Halin da dazuzzuka irin su Rugu suka shiga ya sa a sassa da dama na ƙasar nan ana kallon ayarin matasan Arewa masu jakunkuna da suka nufi daji da zargi, kuma ba mu manta da matafiyan da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba. Takardar hukuma da lambar jami'in da za a kira suna kashe magana a shingen bincike kafin ta yi tsawo. Saboda wannan dalili kada kowa ya ɗauki takobi, ko adda, ko wuƙar ɗamara, balle bindigar farauta. Addar da za a sare hanya da ita tana hannun ɗan jagora, kuma doka ta hana baƙo shiga gandun da makami.

Shirin lafiya

Ka je asibiti a yi maka rigakafin cutar shawara idan ba a taɓa yi maka ba. Allura ɗaya ce tana wadatarwa har ƙarshen rayuwa, amma sai ta kwana 10 a jiki kafin ta fara kariya, don haka ba a barin ta sai ana gobe tafiya. Ka nemi shawarar likita a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, domin a can sauro ba ya da lokacin hutu irin na ranin Katsina. Ka tafi da gidan sauro da man shafawa mai korar ƙwari. A bakin rafuka masu gudu akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da rana, waɗanda ke yaɗa cutar da ke jawo makanta, kuma rigar dogon hannu da dogon wando su ne kariya ta farko daga gare su.

Akwai abin da ke yaudarar mutumin Arewa. Mun saba da zafin da ya kai digiri 40, sai mu ji an ce zafin kurmi bai cika wuce 30 ba, mu raina shi. Amma a can iska cike take da danshi, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, mutum yana ta zubar da ruwa da gishiri ba tare da maƙogwaronsa ya bushe ya tunatar da shi ba. A tafiyata ta farko awa uku kawai muka yi muna hawa jijiyoyin ƙafata suka ɗaure, alhali a gida nakan wuni a gona cikin rana ban ji komai ba. Ka ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da yawa, ka riƙa sha kafin ka ji ƙishi. Ruwan rafi komai haskensa a tafasa shi ko a jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa.

Wanda yake mura, ko tari, ko gudawa, ya haƙura da shiga. Wannan ba don lafiyarsa kaɗai ba ne. Manyan birai suna kamuwa da cututtukan numfashi na ɗan Adam, kuma murar da za ka warke daga gare ta cikin kwana uku tana iya kashe su.

Kaya da guzuri

Takalmi shi ne kan gaba. Fade da silifa a bar su don sansani, a cikin kurmi kuwa dogon takalmin roba irin na masu noman fadama ya fi komai, da safa mai kauri wadda za a cusa ƙafar wando a cikinta. Tufafi su zama marasa nauyi masu saurin bushewa, masu launin ƙasa ko ganye. Shadda da farin yadi ba su da wuri a nan. Ka ware kaya kashi biyu: na tafiya, waɗanda za su jiƙe kuma ka sake sa su a jiƙe da safe, da na barci, waɗanda za su zauna a ƙulle cikin leda ba za su taɓa ganin ruwa ba. Waya, da takardu, da kuɗi, da ashana, kowanne da ledarsa. Ka ɗauki tocila ta goshi da batir na ƙari da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ka kuma sa a ranka cewa sabis zai ɗauke da zarar an bar kwalta. Kuɗi su kasance a hannu, ƙananan takardu, waɗanda aka ciro tun daga Ikom ko Kalaba.

Guzurinmu na gida ya dace da wannan tafiya ƙwarai: kilishi, da ƙuliƙuli, da dakuwa, da dabino, da garin kwaki, da yaji. Sai dai danshi yana sa kilishi ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki idan an bar shi a takarda, don haka a raba shi ƙulli-ƙulli a leda, a riƙa buɗe na yini ɗaya kawai. Shinkafa, da doya, da ayaba, da manja, ana samunsu a kasuwar Ikom. Wannan guzuri yana raba mutum da matsalar yanka, yana kuma raba shi da naman daji da ake sayarwa a bakin hanya, wanda sayensa shi ne ke sa maharbi ya koma cikin gandun gobe.

Game da salla, ruwan alwala ba ya yankewa a kurmi, amma rana ba ta cika ganuwa ta cikin rassan itatuwa ba, don haka a tafi da agogo da kamfas. A lura cewa alƙibla a Kuros Riba ta fi karkata zuwa arewa a kan yadda muka saba a Katsina. Dardumar leda ta fi ta auduga amfani a ƙasa mai laima.

Hanya

Tafiyar mota daga Katsina zuwa Ikom ta haura kilomita 1,000, kuma bai kamata a yi ta a yini ɗaya ba. Ana bi ta Kano zuwa Abuja a kwana, washegari a bi ta Lafiya a ƙetare kogin Binuwai a Makurɗi, a wuce Gboko, a shiga Kuros Riba ta Ogoja ko ta Obudu. Hanyar da ta haɗa Ikom da Obudu ita ce ta ratsa ƙasar Boki, Dutsen Afi yana yammacinta, Mbe da Okwangwo suna gabas. Mai hali zai iya hawa jirgi zuwa Abuja, daga can zuwa filin jirgi na Margaret Ekpo a Kalaba, wanda ya fi sauƙi ga mai niyyar Oban. A Kalaba unguwar Bogobiri ita ce ta Hausawa, akwai masallaci da abincin gida, a Ikom da Ogoja ma akwai zangon 'yan uwa. Ka je ka gaida Sarkin Hausawan garin, ka sanar da shi inda za ku da ranar da kuke sa ran fitowa. Duk tafiyar a yi ta da rana.

Daga kwalta zuwa ƙauyukan bakin kurmi hanyar birji ce, sai mota mai ƙarfi ko babur. A tsayar da ɗan acaɓar da zai dawo ya ɗauke ku, a yanke rana da kuɗi tun kafin ya juya. Kada kuma wani ya ba ku sha'awar leƙa Kamaru ta cikin daji, domin yankin da ke hayin iyakar yana fama da rikici tun wajajen 2017, har dubban mutanensa suna zaman gudun hijira a Ogoja.

Ƙauyen bakin kurmi

Ba a shiga kurmi kai tsaye. Jami'in gandun zai kai ku wurin sarkin ƙauye, kuma wannan gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce, domin ƙasar kakanninsu ce, kuma an hana su farauta da sarar itace a cikinta don a tsare abin da kuka zo gani. A wasu wuraren al'adar gaisuwa ta haɗa da abin sha mai sa maye. Musulmi ya gaya wa jami'in tun a hanya cewa zai ba da goro da kuɗi a madadinsa, kuma goro abu ne da su ma suke girmamawa. Ku ɗauki 'yan dako daga ƙauyen ko da kuna jin za ku iya ɗaukar kayanku. Da yawa daga cikin masu gadin kurmin a yau tsofaffin mafarauta ne, kuma abin da suke samu daga gadi da rakiya shi ne ya raba su da tarko. Kada a yi hoton mutum ko wurin tsafin gari sai an nemi izini.

Cikin kurmin

A tashi da sassafe bayan asuba. Ɗan jagora yana gaba, wani jami'i yana baya, babu mai wuce na gaba kuma babu mai tsayawa shi kaɗai. Idan buƙata ta kama ka, ka faɗa a tsaya maka, ka tona rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi nesa da ruwa, ka binne. Wanda ya ankara ya rabu da ayari ya tsaya cak a inda yake ya yi ta kira, domin a kurmi kowace kusurwa kama take da 'yar uwarta, mai neman hanya da kansa ƙara nisa yake yi.

Abin da zai fara kama idonka shi ne tsawon itatuwa. Hasumiyar Gobarau ba ta wuce mita 15 ba, a nan kuwa akwai itatuwan da suka ninka ta uku, saiwoyinsu sun fito waje kamar katanga har mutum ya ɓuya a tsakaninsu. Ƙasa duhu-duhu take ko da tsakar rana. Amma kada kallon sama ya hana ka kallon ƙasa. Kwarkwasa tana tafiya a jere dubbai, wanda ya taka layinta bai sani ba sai ya tuɓe wando kafin ya rabu da ita, maganinta shi ne a hango ta a tsallake da sauri. Akwai wata irin kasa mai faɗin kai wadda zanen jikinta ya saje da busasshen ganye, ba ta gudu, kwanciya take yi, shi ya sa ake sa ƙafa inda na gaba ya sa tasa. Kada ka kama reshe ko kututture ba ka duba ba, wasu ƙaya gare su, wasu tururuwa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Da dare a kife takalma a kan sanda, da safe a kakkaɓe su. Kada a shanya tufafi a ƙasa, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jikin rigar da ke da laima, tsutsarsa ta shiga fata.

Yanzu ga maganar da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Sunan wannan yanki ya fita duniya ne saboda gorilar Kuros Riba, wata irin ƙatuwar biri marar wutsiya, wadda aka kiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba a Nijeriya da Kamaru gaba ɗaya, a namu ɓangaren kuma a Afi da Mbe da Okwangwo kawai ake samunsu. Kusan tabbas ba za ka gan ta ba. Shekaru na farauta sun koya mata gudun mutum, ta koma kan tsaunuka masu wuyar hawa, har masu gadin da suka shekara goma a wurin sau nawa ne suka haɗa ido da ita. Hotunan da WCS ta fitar a 2020, na wani garke da 'ya'yansa a Duwatsun Mbe, kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ce ta ɗauke su. Abin da za a iya nuna maka shi ne sheƙar ganye da ta kwana a ciki, ko ragowar abin da ta ci, ko sawunta a taɓo. Ni da aka nuna mini irin wannan sheƙa, ganyenta bai gama yaushi ba, na daɗe a tsaye a wurin, kuma ban ji an rage mini komai ba. Kada ka matsa wa ɗan jagora ya kai ka kusa da su, kada kuma ka yi masa tayin kuɗi a kan haka.

Abin gani kuwa yana da yawa ga mai haƙuri. A Drill Ranch za ka ga birin da ake kira dril, mai baƙar fuska, ɗan uwan gwaggon biri, wanda ba a samunsa a ko'ina a duniya sai a wannan yanki da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko. Za ka ji kukan cimpanzi, wani babban biri marar wutsiya, daga nesa. Akwai aku mai jan wutsiya yana yawo a sake, wanda yawancinmu a keji kawai muka san shi, da manyan dangin cilakowa masu ƙarar fiffike, da malam-buɗe-littafi iri-iri har ɗaruruwa. A garin Boje da ke kusa da Dutsen Afi, cikin watannin hunturu, tsattsewa da suka taso daga Turai suna taruwa da yamma su kwana a ciyawar gefen dutse, yawansu har ya rufe sama. Duk wannan sai da shiru ake samunsa: a kashe ƙarar waya, a rage hira, a bar turare a gida.

Ba a fita da komai daga gandun, ko tsiro, ko gashin tsuntsu, ko sanda. Na ambaci sanda da gangan, domin wani kaso na sandunan da makiyaya ke saya a kasuwanninmu daga wani ɗan itace na wannan kurmi ake sararsu, kamar yadda wani kaso na katakon rufin ɗakunanmu daga kudu yake zuwa. Haka nan idan wani ya tare ka a hanya da ɗan aku, ko ɗan biri, ko ɓawon ɗankunya, kada tausayi ko arha su sa ka saya, domin laifi ne a doka, kuma kafin a kama ɗan biri ɗaya sai an harbe uwarsa. Ka sanar da jami'in da ke tare da kai. Leda, da gwangwani, da batir, duk abin da ya shiga da ku ya fito da ku.

Fitowa da komawa gida

Ku sallami ɗan jagora da 'yan dako hannu da hannu a gaban juna, ku karɓi rasit na duk abin da aka biya hukuma, ku koma ku yi wa sarkin ƙauye ban kwana, sannan ku kira Sarkin Hausawan da kuka sanar ku gaya masa kun fito lafiya. Da isa gida a wanke tufafin da ruwan zafi a goge su da dutsen guga, a baza jaka da takalma a rana. Idan zazzaɓi ya zo cikin makonnin da suka biyo baya, ko wani ƙurji mai motsi ya fito a fata, ko ido ya fara ƙaiƙayi, kada a tsaya ga kemis. A je asibiti a yi gwajin jini, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa an kwana a kurmin Kuros Riba, da ranar shiga da ranar fitowa.